Mota Ta Goma Sha Bakwai

Shekara talatin da ɗaya na yi a kan kwalta.
A Tudun Hatsi nake lodi,
wake, masara, wani lokacin albasa.
Nakan san nauyin buhu tun yana kan ɗan dako.
Yanzu gwiwa ta ƙi,
ina zaune a teburin Gidado mai shayi
jikata Zuwaira ta miƙo mini waya,
ta ce, Kaka, ga 'yan'uwanka.

Na duba.
Tirela bayan tirela har inda hoton ya ƙare,
an lulluɓe su da tamfol,
an ja igiya, ɗaurin wanda ya san aikinsa.
Ta ce abincin mutanen Gaza ne,
ƙofa suke jira.

Ni ban yi boko mai nisa ba,
ban san masu sa hannu a takarda ba,
amma na san abin da rana ke yi wa kaya.
Inji ya taɓa buga mini a dokar daji
da tumatirin Dadin Kowa, kwando ɗari biyu.
Ranar farko ƙamshi.
Rana ta uku ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin bodi.
Rana ta biyar ƙudaje suka gaje mu.
Mai kayan, dattijo da furfura, ya zauna a ƙasa yana kuka,
alhali kuɗi kawai ya rasa,
babu yaron da ransa ke rataye a kwandon nan.

Gari ma yana da ajali.
Ƙwaro ba ya jiran izini.
Allura in ta sha zafi ta zama ruwan banza.

Kai direban mota ta goma sha bakwai,
na ƙirga, kai ne na hango ƙafafunka
a kan kwali, a inuwar taya.
Ban san sunanka ba, amma na san safiyarka.
Kana tada inji don kada batir ya mutu,
kana zagaya tayoyi kana ƙwanƙwasa su da ƙarfe,
kana goge gilashin da ba inda za shi.
Ka karya kuwa?
Yaya loma ke wucewa
da tan talatin a bayanka,
yunwar gari guda a gabanka,
tsakaninku shinge da mutum mai bindiga?

Zuwaira ta ja yatsa, wani hoton ya fito.
Yarinya ce, ba ta kai ta ba,
ta ɗaga tukunya sama da kawunan manya.
Irin tukunyar gidanmu ce sak,
har lotsawar da ke gefe.
Na ce kashe.
Sai na ce a'a, bari in gani.
In ita ta iya tsayawa a wurin,
ni wane ne da zan kasa kallo?

Ran Juma'a aka zagaya da kwali a masallacinmu na Jekadafari.
Na saka kuɗin man gwiwa.
Da aka sallame na tari liman a bakin ƙofa,
na ce, Malam, in kuɗin nan ya zama buhu,
wa zai buɗe masa hanya?
Ya ce Allah.
Na ce amin, da zuciya ɗaya na faɗa,
sai dai na yi tuƙi, na sani
mabuɗin shinge a aljihun ɗan Adam yake kwana.

Gidado ya ce, Baba, shayinka ya huce.
Burodin yana hannuna, ban gutsira ba.
Can bakin kasuwa wata mota ta gama lodi,
yaron mota ya daki bodi sau biyu,
mai gadi ya saki igiya, sanda ta tashi,
ta wuce.

Shi ke nan fa.
Abin bai fi ɗaga hannu ba.